Tsakuwa Bakwai na Zulaihatu

Maimunatu tana ƙulla gawayi a leda a bakin ƙofarta, a Rikkos, ta hango su sun karyo kwanar masallaci. An sha ruwa da asuba, lungun duk caɓi. Bala makaniki ne a gaba, bayansa mata huɗu ko biyar da wasu samari, biyu daga ciki sun riga sun ɗaga waya sama suna ɗauka. Ba ta tashi ba. Shekararta sittin da tara, kuma tun tana ƙarama ta san irin wannan tafiyar, ta mutanen da suka taho a fusace amma kowa yana so wani ya riga shi isa.

Bala ya tsaya taku uku daga inda take, ya ɗan karkace don kada inuwarsa ta faɗa kusa da ƙafarta.

"Baba Maimuna, ina kwana."

"Lafiya lau, Bala. Gawayi za a ba ka?"

"Ba shi ya kawo ni ba. 'Yata Kausar ce. Kwana uku jikinta kamar wuta, jiya ta fara fizge-fizge. Da asuba ta buɗe baki ta ce mai gawayi, mai gawayi, har sau uku. Kowa ya ji."

"Kullum ta nan take bi zuwa Islamiyya, kullum sai ta gaishe ni. Wa kake so ta kira, gwamna?"

Wani saurayi ya yi dariya, wata mata ta harare shi ya haɗiye.

"Mu ba faɗa muka zo yi ba," in ji Bala. "Ki zo ki tsallaka ta sau uku, ki sake mata kurwa, kowa ya kama harkar gabansa. Mun san ba laifinki ba ne, a nono kika sha."

A nono ta sha. Maimunatu ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji inda ta saba sauka. Haka ake yi wa wadda aka ce mayya ce: a kwantar da marar lafiya, a sa ta tsallaka shi, wai ta haka take sakin abin da ta kama. Wadda ta tsallaka ta amsa laifi ke nan a gaban kowa, ita da 'ya'yanta da jikokinta. Wadda ta ƙi kuwa, in mai ciwon ya mutu, Allah kaɗai ya san inda za a tsinci gawarta.

Ulonma, mai kemis ɗin da ke kallon gidan, ta fito tana goge hannu a zani.

"Oga Bala, tun jiya na gaya maka. Yarinya nan zazzaɓi ne ya hau kai. Ka kai shi asibiti. In ya kai azahar a gida, ni ba ruwana."

"Madam, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ba ki san kan abin ba."

Maimunatu ta ɗaure bakin ledar da ke hannunta, ta ajiye a kan sauran, ta dubi Bala.

"Kakarka tana gida?"

"Iya Kulu? Ina za ta je, ga ido ba ya gani?"

"To ku jira ni."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, cikin tsohon kallabi, akwai wani gwangwanin taba da tsatsa ta cinye rubutunsa. Ta girgiza shi, abin ciki ya amsa. Uwarta Zulaihatu ce ta damƙa mata shi kwana biyu kafin ta rasu, tare da labarinsa duka.

A shekarar 1956 Zulaihatu tana wankin kuza a wani bariki da ke kan hanyar Vom. Aikin mata ne. A shiga ruwan sanyi har gwiwa tun rana ba ta fito ba, a ɗebi ƙasa a ƙwarya, a yi ta juyawa har yashi ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta zauna a ƙasa. Duk abin da aka wanke na kamfanin Turawa ne, ladan kuwa ba ya kai mutum ƙarshen mako. Don haka kowace mace da dabararta. In ta ci karo da tsakuwar kuza mai ɗan girma, kamar ƙwayar wake, sai ta ɓoye, wata cikin kitso, wata cikin kunci, ta wuce da ita ta gaban mai gadi, a kai wa mai saye a ɓoye. Wadda aka kama, sai kurkuku. Duk barikin an san ana yi, ba mai faɗa.

Ranar da abin ya faru Zulaihatu tana goye da Maimunatu, 'yar wata bakwai, ga tari ya kama ta saboda ruwa. An jeru a ƙofar fita ana duba ƙwarya da ƙullin zani. Daidai gaban mai gadi tarin ya sarƙe ta, tsakuwa bakwai suka zubo daga bakinta suka warwatsu a ƙasa. Mai gadi ya sunkuya zai ɗauka.

A bayanta akwai Kulu, budurwa 'yar shekara sha shida, wadda Zulaihatu ta koya wa riƙon ƙwarya, kitsonta cike da kuza. Kulu ta san in mutumin nan ya ɗaga guda ɗaya ya ji nauyinta, yau sai an tsefe kan kowace mace a layin. Sai ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu, ta ce ƙanƙara ce, ƙanƙarar maita, irin duwatsun da ake cewa mayu na ajiyewa a ciki.

Mai gadi ya yi tsalle baya kamar ya taka maciji. Layi ya watse, kowace ta tsira da abin da ke jikinta.

Da maganar ta tsaya nan, da ta zama abin dariya a bakin rafi. Amma yaron helma, wato ɗan shugaban leburori, yana kwance da zazzaɓi tun kwana huɗu. Kafin la'asar an jawo Zulaihatu a ƙasa har ƙofarsa, an kwance mata goyo an ajiye gefe, an tuɓe mata zani, an sa ta tsallaka yaron sau uku da bulala a bayanta. Bayan kwana biyu yaro ya tashi yana neman kunu. Da ya mutu, da an ce ta cinye shi. Da ya tashi, sai aka ce ga shaida. Aka cinna wa bukkarta wuta, aiki ya tsaya, manaja ya kai ƙara saboda aikinsa da ya tsaya, magana ta zo kotu a Jos.

Alƙali yana kan shimfiɗarsa, Di'o, Baturen mulki, yana kan kujera a gefe da tafinta. Tsakuwoyin suna kan tebur cikin gwangwanin taba, da cokali aka kwashe su don ba wanda ya yarda ya taɓa. Jikin bango mata goma sha takwas ne daga bariki a zaune, an kira su shaida, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba za ta gane kuza ba ko a mafarki. Di'o bai taɓa riƙe ƙwarya ba. Ya leƙa gwangwanin, ya tsokani tsakuwa ɗaya da fensir, ya sa tafinta ya tambaye ta mene ne wannan, kuma ya aka yi ya shiga bakinta.

Zulaihatu ta juya ta dubi bango. Kawuna goma sha takwas suka sunkuya lokaci ɗaya. In ta ce kuza ce, za a raba ta da goyonta a kai ta kurkuku, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ta jira ko wata za ta yi tari, ko ta motsa ƙafa. Ba wadda ta yi.

Ta ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Aka kira Kulu. Ta rantse ta ga duwatsun suna motsi a ƙasa da kansu. Di'o ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce a dokarsa babu wani abu wai shi maye, ya kori ƙarar. Alƙali ya ƙara da cewa don zaman lafiya kada ta sake taka barikin. Masinja ya turo mata gwangwanin da sanda, ya ce ta kwashe kayanta. A ƙofar kotun mijinta ya sake ta, bai ko dubi jaririyar ba.

Ta shigo gari da goyo da gwangwani. Ta iya waina fiye da duk wata mace da Maimunatu ta taɓa sani, ta kafa tanda a bakin hanya, amma labari ya riga ta zuwa. Kwana tara tana soyawa tana juye wa awakin mutane. Daga nan ta koma sayar da gawayi, don shi ba a cinsa. Barikin ya mutu, matan nan suka watsu, wasu suka dawo nan cikin Jos suka yi aure, suka yi jikoki, suka je Makka, ɗaya bayan ɗaya suka mutu da abin da suka sani. Sunan kaɗai ya rage. Shi ya sa Maimunatu ta yi karatun allo a kan buhu ita kaɗai, nesa da sauran yara. Shi ya kashe mata aure bayan shekara biyu. Shi ya kori ɗanta Musaddiq zuwa Lafiya, inda ba ya faɗa wa kowa unguwar da aka haife shi.

Sau ɗaya Maimunatu ta taɓa tarar Kulu da maganar, a wani gidan suna. Kulu ta gyara mayafi ta ce ita yarinya ce lokacin, ba ta tuna komai.

Maimunatu ta soke gwangwanin a ƙugu, ta yafa mayafi ta fito. Taron ya buɗe mata hanya fiye da yadda take buƙata.

A gidan Bala an kwantar da Kausar a tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, idanunta a kafe, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Uwarta na zaune a gefenta ta yi kuka har murya ta tafi. An riga an share wuri ta ɓangaren ƙafafun yarinyar inda mayya za ta tsaya. Can jikin bango, a kan darduma, Hajiya Ummukulthum, wadda duk unguwa ke kira Iya Kulu, tana jan carbi, idanunta fari fat da yana.

Maimunatu ba ta tsaya wurin da aka share mata ba, ta je ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Iya, ina kwana. Maimuna ce, 'yar Zulai."

Carbin ya tsaya.

"Kin zo? Allah ya yi miki albarka. Taimaka wa yarinyar nan."

"Miƙo hannunki."

Ta buɗe gwangwanin ta juye mata a tafin hannu. Matan da ke kusa suka ja da baya, wata ta fara salati. Hannun Iya Kulu kuwa ya ɗan yi ƙasa ya dawo, ya sake yin ƙasa, yana auna nauyi da kansa, babban yatsanta ya shiga murza tsakuwa ɗaya.

"Mene ne wannan, Iya?"

"Ni da ba na gani, 'yar nan."

"Ban ce ki gani ba. Hannunki ya riga ya faɗa miki. Faɗa musu."

Tsohuwar ta rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Maimuna, ki dubi Allah. Abin da ya wuce ya wuce. Tsallake uku ne kawai, me zai rage ki da shi?"

Maimunatu ba ta rage tata muryar ba.

"Me ya rage uwata da shi? Tsirara ta tsallaka, ina kwance a ƙasa ina kuka, kina tsaye kina kallo da kuza a kanki. Shekara arba'in tana shaƙar baƙin gawayi har ya cinye mata ƙirji. Ranar da ta mutu mutum shida ne suka bi gawarta, biyu ma almuru ya kama su a hanya suka biyo. Ke kuma kina nan, Hajiya, ana kawo miki jarirai kina tofa musu albarka."

"Baba Maimuna, ba surutu muka kira ki ba," in ji Bala. "Ki bar tsohuwa ta huta."

Daga bakin zaure wani saurayi ya ce in ta ƙi, ai akwai yadda ake yi da irinsu. Maimunatu ta waiwaya ta gan shi, da rabin bulo a hannu.

"Kai ɗan gidan Badruddeen tela, ni na ɗauke ka daga kwata ranar da ka faɗa kana rarrafe. Da zan ci mutum, da kai na fara, lokacin kana da taushi. Ajiye bulon mutane."

Ya ajiye. Ta juyo ga tsohuwar.

"Ki ji ni da kyau, Iya. Ba zan tsallaka ba, ko za a yanka ni a nan. Kuma duk gidan nan ke kaɗai kika san ko na tsallaka babu abin da zai yi mata. Zama za su yi su zuba mata ido, wai mayya ta sake ta, har la'asar, har gobe. Mai kemis ta ce kada ta kai azahar a gida. Jikanki ba zai ɗaga ta daga tabarmar nan ba muddin yana jin ni na riƙe ta. To ki zaɓa. Ko ki buɗe baki, ko ki ci gaba da jan carbinki har a fito da ita."

Ruwa yana ɗiga daga bakin kwano cikin bokiti. Sai jikin Kausar ya sanƙare, ƙafafunta suka fara bugun tabarma, uwar ta danne ta tana kiran sunanta da muryar da ba ta fita. Iya Kulu ba ta gani, amma tana jin bugun. Ta juya fuska wajen.

"Kuza ce," ta ce.

"Me kika ce, Iya?"

"Na ce kuza ce, Bala, kurma ne kai? Kuzar Bature ce, muna sata. Duk muna sata, har kakarka ta wajen uba. Zulai tari ya sarƙe ta, ni na yi ihun ƙanƙara don kada a tsefe mini kai. Ni na ƙirƙira. Na je gaban alƙali na rantse a kai."

"Iya, tsufa ne. Ruɗewa kika yi."

Tsohuwar ta laluba tafin hannunta. Ta zaɓi tsakuwa ɗaya, mafi girma, ta jefa a baki. Tsakar gidan ya ɗauki salati, don kowa ya san abin da ake cewa game da wanda ya sa ƙanƙarar maye a bakinsa. Ta tura ta da harshe can bayan dasashi, kuncinta bai ko tasa ba.

"Haka ake yi," ta ce, maganarta tana fita sarai. "Har gaisawa muke yi da mai gadi. Zulai ce ta koya mini." Ta tofo ta a hannu. "Ka kai wa duk wani tsohon ɗan kuza ya ɗaga ya ji. Ɗauki 'yarka ka kai ta asibiti, shashasha, kafin in yi kisa na biyu."

Bala ya tsaya kamar an dasa shi. Matarsa ce ta sunkuci yarinyar ta yi waje ba ko mayafi, Ulonma tana gaba tana ƙwala wa mai keke kira. Sai a lokacin ya bi su da gudu.

Maimunatu ta tsince tsakuwoyinta ɗaya ɗaya daga hannun tsohuwar, har da jiƙaƙƙiyar, ta ƙirga bakwai ta rufe. Tana miƙewa ta ji wata mata a bayanta tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ashe ita ma tsohuwar tana ciki, shi ya sa ta iya sawa a baki.

Maimunatu ta tsaya ta dube ta tun daga kallabi har silifa.

"Haka dai," ta ce. "Ba kwa taɓa rasa wadda za ku kira."

Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau wa yarinyar kai, kuma da an ƙara rabin yini da sai dai wani labarin. Abin da samarin suka ɗauka a waya ya zaga gari, har Musaddiq ya gani a Lafiya ya kira uwarsa, ya yi ta kame-kame a waya. Ita ma ba ta taimake shi ba.

Ranar da aka sallamo Kausar, Maimunatu ta jiƙa shinkafa tun yamma. Da safe ta ture buhunan gawayi gefe, ta fito da tandar uwarta da ta shekara sittin da wani abu a nannaɗe cikin tsumma, ta hura wuta a bakin ƙofa. Hannunta bai saba ba, layin farko ya ƙone. Na biyu ya tashi fari, gefensa ja, ƙamshi ya cika lungu.

Mutane suna wucewa suna gaishe ta da fara'ar da ba su taɓa yi mata ba, suna kallon wainar, suna ƙara sauri. Ulonma ce kaɗai ta tsallako da faranti. Har hantsi ya ɗaga roba tana cike.

Wajen ƙarfe goma Bala ya ɓullo riƙe da hannun kakarsa, suna tafe a hankali suna kauce wa caɓi. Ya zaunar da ita a kan benci, shi ya tsaya yana kallon ƙasa, inuwarsa kwance a kan ƙafar Maimunatu bai lura ba.

"Maimuna," in ji tsohuwar, "na zo ki yafe mini."

"Wadda za ta yafe miki tana maƙabarta. In kin je can kya tambaye ta."

"To ke fa?"

Maimunatu ta ɗauki faranti ta zuba waina uku, ta kwarara miyar taushe a kai, ta ɗora mata a cinya. Bala ya ce ko su shiga daga ciki, Iya ba ta saba cin abinci a titi ba.

"A nan za ta ci," in ji Maimunatu. "Juya ta ta fuskanci hanya."

Ya juya ta. Tsohuwar ta laluba farantin, ta gutsura, ta kai baki. Masu wucewa suka rage tafiya, mai shagon kusa ya fito ya tsaya a ƙofa. Maimunatu ta zuba wani ƙullun a tanda, ba ta ce mata sannu ba, ba ta miƙa mata ruwa ba. Ta zauna tana kallon bakinta har ta cinye ta ukun.